Kuɗin ritayar da suka biyo motar katako

Ku samarin da kuka buɗe shagunan cika takardun haraji a Tawa cikin ƴan shekarun nan, ina jin abin da kuke faɗa in kun wuce rumfata. Kuna cewa aikin ba wani abu ba ne, na'ura ce ke yi: a zuba lambobi, ta fitar da jimla, a buga, a karɓi ladan aiki. Ban ce kun yi ƙarya ba. Na'urarku ta fi ni saurin lissafi, kuma ba ta gajiya. Amma shekara arba'in da ɗoriya na yi ina cika wa mutane takardar lanho, wato haraji, ban tuna ranar da tarawa ko ɗebewa ta jefa wani cikin masifa ba. Abin da ba a rubuta ba shi ke kayar da mutum. Zan ba ku labarin aiki guda, na kuɗin ritayar wani mutumin Barmu. Sai dai zan fara da inda na koyo hannu, don ku san wanda ya yi kuskuren ba sabon shiga ba ne.

Aikin farko da aka sa ni a wannan sana'a ɗinki ne. Na bar Adar ina ɗan shekara goma sha tara, da ƴar takardar lakkol, makarantar boko, a aljihu, na bi ƴan bida, masu fita neman kuɗi, zuwa Abijan kamar kowa. Na yi dako, na yi gadi, har Allah ya haɗa ni da wani tsohon kwantabul, mutumin Kwatano, mai riƙe wa ƙananan ƴan kasuwa littattafansu. Wata shida bai bar ni na taɓa alƙalami ba. Yakan zube mini rasit na mutum guda a kan tebur, na shekara cur, wasu da maiƙo, wasu ɓera ya ci gefensu, ya ce in jera su bisa kwanan wata, in huda da basilla, in ɗinke da zare. In na kawo masa sai ya yi ta juyawa da yatsa ɗaya, har ya tsaya a wani wuri ya ce, "Tsakanin wannan da wannan, ina kuɗin suka kwana?" In na ce ban sani ba, sai ya tsinke zaren, in koma farko. Bai taɓa zagina ba. A hannunsa na gane kuɗi matafiya ne, kuma duk zangon da suka sauka sai an sami mai shaida.

Bayan Abijan na zauna Kumasi, na zauna Sakkwato, na yi shekara uku a Tamanrasset ina riƙe wa wani mai dabino littafi. A yawon nan na tsinci Julancin Abijan da Larabcin kasuwa da ɗan Ingilishi, na ɗora bisa Faransancin lakkol da Tamashek da na sha a wajen dangin uwa. Abin da na fi lura da shi a ko'ina shi ne yadda mutane ke riƙon takarda. Mutumin Kwatano ko allura ya saya sai ya nemi rasit, kuma mai kanti ba zai ji haushi ba. Balaraben arewa hatimi yake dubawa kafin ya karanta abin da aka rubuta. Takarda mai hatimi uku ta fi gaskiya nauyi a wurinsa. Ɗan kasuwar Kumasi yakan kira shaidu biyu, a rubuta, a sha ruwa tare, a rabu lafiya. Mu Adarawa kuwa, in ka ce wa ɗan uwanka ya sa maka hannu a takarda, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Miliyoyi na ratsa ƙasa huɗu bisa kalmar baki, su iso ba dala ɗaya da ta yi ciwon kai. Ban ga inda aka fi mu riƙon amana ba, ban kuma ga inda aka fi mu wahalar tabbatar da ita a gaban hukuma ba.

Da na dawo gida na kafa rumfa bayan tasha, kayan aikina ba su fi ɗauka ɗaya ba. Keken rubutu da na sayo a Lome, mai harafi guda da ke maƙalewa in rana ta take. Takardar kabon mai fitar da kofin rubutu, wadda nake mora har ta koɗe. Na'urar lissafi mai fitar da siririyar takarda, wadda nake yanka in liƙa a bayan kowane dosiye, wato ƙunshin takardun mutum guda, don ko bayan shekara biyar in ga yadda na kai ga jimlar. Fensir na aikin farko, alƙalamin bik baƙi na aikin ƙarshe, rula ta ƙarfe, basilla da zare. Sai akwatin ƙarfe mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa cikin gwangwanin toka, saboda gara. Garar Tawa ta fi kowane mai bincike son takarda. Masu zuwa wurina ƴan kasuwar hatsi ne, da dillalan dabbobi na kara, da masu motocin ƙauye, da malaman lakkol da suka aje alli suka buɗe kanti. Kowa sai makon ƙarshe yake zuwa, cikin tsakiyar zafi, da leda cike da takardu, yana cewa nasa mai sauƙi ne.

Aikin da ya fi ruɗa sabon hannu shi ne na kuɗin ritaya da suka sake asusu. Mutum ya yi shekaru a kamfani, ana yankar wani abu daga albashinsa duk wata, kamfanin na ƙarawa, ana tarawa a asusun da ba ya taɓawa sai ya aje aiki. Ranar da ya aje, yana iya cewa a maida tarin wani asusun ritaya kusa da gida, wanda zai riƙa ba shi kaɗan-kaɗan duk wata. Kuɗin nan ba ribar bana ba ce. Hatsi ne aka kwashe daga rumbu aka zuba a wani rumbu, ba wanda zai ce an yi sabon girbi. Amma mai haraji ba ya gonar ranar girbin. Abin da yake gani kawai amalanke ne shaƙe da dammuna ya tsaya ƙofar gidanka. Aikinmu shi ne mu nuna masa rumbun farko, mu nuna masa na biyu, mu nuna masa hanyar da amalanken ya bi. Takarda uku ke nan: ta fita daga tsohon asusu, ta shiga sabon, da ta bankin da ya ɗauko kuɗin tsakaninsu. Sannan a rubuta adadin a takardar shekara, a wurin bayani, a ce kuɗin ritaya ne da suka sake gida, a ɗinka shaidun a baya. Ba a biyan komai a kansu, amma ana rubuta su.

Na taɓa yi wa wani dattijo irin wannan aiki, tsohon ma'aikacin ma'adinai na arewa. Na yi ta bayani da Hausa yana kallona, sai na juya da Tamashek. Ban kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu ya ce ya gane: raƙuma in ta sake rijiya ba haihuwa ta yi ba, amma mai rijiyar yana da haƙƙin ya tambayi tambarin da ke wuyanta. Ya kawo takardunsa uku a naɗe cikin rawani, na rubuta, na ɗinke, ba a taɓa kiransa ba. Da duk aiki haka yake, da ban zauna rubuta wannan ba.

Ibro ya zo mini ranar kasuwa, bayan azahar. Mutumin Barmu ne, sa'ana ko ya ɗan girme ni, dogo, mai ɗingishi kaɗan saboda wata tarakta da ta taɓa taka shi a tashar jirgin ruwa. Shekara ashirin da uku ya yi yana tuƙi a wani kamfanin sabulu a Abijan. Tun yana can ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, ƙanensa na jan ta tsakanin Barmu, Kalfu da Tawa, da gero da awaki da duk abin da ya samu. Saboda motar nan ne yake cika takardar shekara. Ya jira har mutumin da nake sallama ya tafi, sannan ya jawo benci kusa. Ya kira ni Mushe, yadda muke ce wa ɗan boko daga Faransanci.

"Mushe Asumane, an ce kai ka iya rufe baki."

"Dosiye na iya rufewa. Zauna, mu ji."

Ya fito da littafin bankinsa. Na bi shi da fensir: jika hamsin, jika tamanin (jika guda sefa dubu ce), kuɗin man gas, kuɗin taya, irin na mai mota ɗaya. Sai na ga miliyan uku sun shigo tsaba. Bayan wata biyu wasu uku, bayan wata uku wasu uku. Sannan duka taran suka fita rana ɗaya zuwa wani asusun ritaya a Yamai.

"Waɗannan fa?"

"Gumina ne na Abijan. Kuɗin ritaya."

"Me ya hana ka ce su turo daga banki zuwa banki?"

"Su yanki nasu can, su yanki nasu nan, in zamna wata biyu ban san inda kuɗina suke ba? Na amshe su tsaba, na ba Alhaji Kadri hannu da hannu."

Alhaji Kadri kowa ya san shi a Tawa, shi ke kawo katako daga kurmi, ƙasashen bakin teku. Dabarar tsohuwa ce, ni ma na aiko da kuɗi haka ina saurayi. Kai kana da kuɗi a Abijan kana son su a gida, shi yana bukatar kuɗi a Abijan don sayen kaya. Sai ka ba shi can, ya sayi katako, ya loda, in ya sayar a Tawa ya biya ka. Kuɗin Ibro a bisa motar katako suka zo, lodi uku.

"Ya ba ka takarda?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Takarda? Alhaji Kadri? Mushe, tare anka yi muna kaciya."

Na ce to, an riga an yi. Mu rubuta adadin a wurin bayani, in aika Abijan a turo mana takardar fita, mu ɗinka da ta shiga, mu faɗi gaskiyar yadda kuɗin suka zo. Sai ya ɗora tafinsa bisa takardar.

"Wagga lamba ba ta hawa nan."

"Ba za ka biya ko dala a kanta ba, Ibro. Rubutawa kawai ake."

"Takardarka hannu nawa taka bi kahin ta kwanta? Ɗan ƙanen matata shina shara a ofishin haraji. In Barmu ta ji miliyan tara, kahin ruwa shi sauka wanga na da aure, wanga na da suna, wanga na kwance asibiti, kuma ba wanda zan iya ce ma a'a. Shekara ashirin da ukku ina aiko musu. Na gina ma babba ɗaki, na aurar da ƙanne biyat. Wanga na tsuhwana ne. Ka ce ba a biya, to mi ya kai shi ga takarda?"

Na san amsar, na kuma faɗe ta, amma sau ɗaya kawai, kuma da murya mai laushi. Na san Barmu, na san abin da yake tsoro gaskiya ne. Na ce a raina ba wanda aka cuta, hukuma ba ta da haƙƙi a kuɗin, mota ɗaya ce wa zai tsaya bincikenta. Na ɗauki rula na ja layi a wurin bayani, alamar babu komai. Ya sa hannu, ya biya ni jika biyar, ya tafi yana sa mini albarka.

Shekara ɗaya da ƴan watanni aka yi shiru. Sai aka shiga duba masu motocin haya na jiha, aka nemi littattafan bankinsu. Ibro ya iso rumfata da sassafe bisa kabu-kabu, da ambulan a hannu, bai ko gaisa ba. Na karanta masa. An ɗauki miliyan taran nan a matsayin cinikin mota da ya ɓoye, an ɗora haraji, an ɗora tara. Jimlar ta kusa rabin abin da ya tara a Abijan. An ba shi wa'adi ya kawo hujja ko ya biya.

Mai binciken mace ce, Bazabarma, ba ta daɗe da zuwa Tawa ba. Kowa Madam yake ce mata. Na gaishe ta da Zabarmanci ko za ta saki fuska, ta amsa da ladabi ta koma Faransanci. Kafin ranar na riga na rubuta wa kamfanin sabulu, sun turo takardar fita da hatiminta, ga kuma takardar shiga ta Yamai. Adadin ya yi daidai har dala. Na shimfiɗa su gabanta, na yi mata bayanin rumbu da rumbu. Ta saurara har na gama, ta karanta kowace takarda sau biyu.

"Na ga inda kuɗi suka fita," ta ce. "Na ga inda kuɗi suka shiga. Wa ya ce mini su ne? Mutum na iya cinye na Abijan a Abijan, ya zuba cinikin mota a nan. Tsakani akwai wata biyar. Ina suka kwana?"

Tambayar maigidana ce ta Abijan, kalma da kalma, bayan shekara talatin.

"Malam, kai tsohon hannu ne," ta ce. "Da kun rubuta tun farko, da tambaya zan yi, in ga takardun nan biyu in wuce. Yanzu da kuka ja layi, doka ta sa ni zargi. Amma ba na son cin gumin tsoho. Wanda ya ɗauko kuɗin ya rubuto mini ya karɓa rana kaza, ya biya rana kaza, ya sa hannu, in rufe dosiye. Ko Ibro ya ba ni sunansa, in kira shi da kaina."

Ba ta zalunce mu ba, ku riƙe wannan. Abin da ta nema shi zan nema da ni ne bisa kujerarta.

Na tafi wurin Alhaji Kadri ni kaɗai, don Ibro ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba. Na same shi a filin katakonsa, zaune bisa tarin faranti, ana awon wasu dogaye. Ya sa aka kawo mini ruwa da goro, ya saurare ni da kyau. Da na fito da takardar da na buga, wadda sa hannu kawai take jira, sai ya maida hannuwansa cikin riga.

"Mushe, na ci mai dala?"

"Ba ka ci ba, Alhaji."

"Na jinkirta mai bisa yadda munka yi?"

"A'a."

"To mi ya rage?"

"Shaida."

"Allah na shaida." Ya rage murya. "Kai ɗan boko ne, ka san abin da takardar ga za ta ce. Za ta ce Kadri ya sayi katakon miliyan tara da ba ya cikin littahinai. Sai su ce ina sauran. Mutum nawa kake tsammani na kawo ma kuɗi a shekara ashirin? Zawarawa, marayu, ƴan bida da ba su da ko katin zama. In anka buɗe ni, su anka buɗe. Ka gaya ma Ibro in kuɗi yaka so, shi zo. Hannu kam ba ni sa wa."

Na dawo na gaya wa Ibro yadda muka yi, na kuma gaya masa hanya ɗaya ta rage: ya faɗi sunan. Kalma biyu ce, dosiye ya rufe, kuɗinsa su tsira. Na ce masa wannan ba cin amana ba ne, gaskiya ce za a faɗa.

"Mutum ya ɗauko min gumina daga bakin teku har Tawa, ta daji da shinge goma sha, bai amshi ko kuɗin goro ba. In saka mai da kiran hukuma? Da wace huska zan bi sahu ɗaya da shi ranar Juma'a?"

"Da wace fuska za ka ci tuwo in an kwashe rabin kuɗin?"

"Da tawa," ya ce.

Daga nan abin da ya rage nawa ne. Na zauna a keken rubutu na buga wasiƙa da sunana, na ce mai motar ya nuna mini kuɗin tun ranar farko, ya gaya mini asalinsu, ni ne na san ana rubuta su kuma na ja layi. Ban ambaci dalilinsa ba, ban ambaci kowa ba. Na kai da hannuna. Madam ta karanta a tsaye, ta tambaye ni ko na san abin da wannan zai jawo mini. Na ce na sani. Bisa wasiƙar nan da takardun biyu aka sauke mafi yawan tarar. Harajin kuwa ya tsaya, don hanyar da kuɗin suka bi ba ta da shaida. Ni kuma aka jawo dosiyen duk wanda na cika wa takarda shekara uku baya, aka bi su ɗaya-ɗaya. Ba a sami komai ba, amma ɗan kasuwa ba ya son a kira shi ofis ko don a gaishe shi. Kafin zafi ya zagayo, fiye da rabin mutanena sun koma wurin wasu. Ita ce shekarar da na sayar da na'urar lissafi na koma lissafi da fensir. A gida muka ci gero na bashi har kaka.

Ibro na da hanya biyu. Ko ya fasa asusun ritayar kafin lokaci, a yanke masa wani abu a kai, ɗan abin da zai riƙa samu duk wata ya ragu har mutuwarsa. Ko ya sayar da motar. Ya zaɓi motar. Mutanen Barmu da suka ji, suka ce ashe Ibro hannu wofi ya dawo daga kurmi, har wasu suka kai masa kwanon gero na jaje. Asirin da ya so rufewa ya rufu, da wannan tsada.

Ranar cinikin a tasha aka yi, da hantsi, ya ce in zo in rubuta takardar sayarwa. Dillalai biyu sun taya, suna ta kushe taya da injin. Sai ga Alhaji Kadri ya sauko daga motarsa, bai ko zagaya motar ya duba ba, ya faɗi kuɗin da ya kusa ninka tayin dillalan.

"Alhaji, motar ga na san kuɗinta," Ibro ya ce. "Ni na saye ta, ni na san ciwonta. Abin da ya hau bisa sadaka ce, ni ko ban kai nan ba tukuna."

"Ibro, kak ka kunyata ni gaban mutane."

"Kai ma kak ka kunyata ni. Ka biya abin da dillali ya taya, ka ƙara kuɗin tayoyin baya, sababbi ne."

Haka aka yi. Na rubuta farashin gaskiya, kofi uku da kabon, suka sa hannu. Kuɗin ya biya harajin, ya bar ɗan abin da bai kai sayen amalanke da jaki biyu ba. Ƙanensa da ke tuƙin motar ya koma yaron mota a wurin wani.

Da aka watse Ibro ya biyo ni rumfa, ya zaro jika biyu ya aje bisa tebur, ladan takardar sayarwa. Na tura masa su. Ya sake turo su.

"Amshi, Mushe."

"Ba zan karɓi kuɗinka ba, Ibro, bayan abin da ya faru."

"Amshi. In ka yi min kyauta ba ni iya yi ma hwaɗa, ni ko ina da hwaɗan da zan yi."

Na ɗauka na sa a aljihu. Ya tsaya a bakin rumfar, ya dafa ginshiƙi saboda ƙafar, bai ɗaga murya ba.

"Ni direba ne. In ka hau motata ka ce in bi ta cikin gulbi don kana sauri, ba ni bi, ko kuka kaka yi, don ni na san zurfin ruwan, kai ba ka sani ba. Ni na ce kak ka rubuta, gaskiya ne. Jahilci ya sa ni, da tsoron dangi. Kai da ka sani fa? Jika biyat da na ba ka ran nan, tsammaninka na kuɗin bik ne? Na biya ka don ka hana ni."

Ya gyara hularsa, ya ce in gaida gida, ya taka zuwa inda motocin Barmu ke lodi, ya biya kuɗin kujera kamar kowane fasinja.